Keke Napep ɗina na tafiyar ƙauye ya zauna ta baya: shokazoba zan sauya ko tsawo zan ƙara masa?

Baban Ummi, Hayin Dogo

Assalamu alaikum. Jama'a, shawara nake nema wurin waɗanda suka san ƙarfe, amma ku yi haƙuri in ɗan ja zancen, don kada a ba ni maganin ciwon da ba shi ke damuna ba.

Ni malamin sakandare ne, ina zaune a Hayin Dogo nan Samaru, Zariya. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 tsohuwar motata ta gagare ni. Na yi ta lallaɓawa har na gaji na sayar da ita, na sayi Keke Napep na hannu, Bajaj RE, irin wanda ba a gauraya masa baƙin mai da fetur, injin nan da bai ƙarasa cc 200 ba. Ba haya nake yi da shi ba, ko da yake har yau in na tsaya a bakin titi sai wani ya faɗo ciki ya ce "Kwangila". Da shi nake kai yara makaranta, da shi kuma nake tafiya. Duk bayan mako biyu nakan kwashi iyali mu je gaida Hajiya a ƙauyenmu da ke gaba da Giwa. Ta Shika muke bi a kan kwalta, in mun wuce Giwa sai mu sauka burji, kilomita 11 bisa mitar keken. Wani lokaci kuma Makarfi wurin surukai. Ba na gudu, kuma ba na yarda magariba ta same ni a hanya. Sai dai in faɗi gaskiya, ba na dawowa hannu rabbana. Da kaka buhun masara biyu nake ɗorawa, ga uwargida, ga yara uku, ga ɗan rake ko dankali da ba a rasa ba.

Tun bayan daminar nan keken ya sauya hali. In ka tsaya a bayansa za ka ga ya karkata hagu kamar mai ɗingishi. Na kai shi barandar makaranta inda siminti yake a shafe, na auna da tef ɗin ɗinkin uwargida daga ƙasa zuwa gefen bodi, hagu ya fi dama ƙasa da santimita 3. In na hau tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, bayan sai ya yi ta lilo sau uku ko huɗu kafin ya natsu, kamar kwale-kwale. In kuwa rami na faɗa da kaya, sai in ji wani "ƙwas" daga ƙasa ta hagu, har cikin haƙorina nake jinsa. Tayar baya ta hagu tana cinyewa ta ciki, ta waje kuwa zanenta na nan. Shokazobar wajen ta jiƙe da mai, ƙura ta manne mata ta yi baƙi ƙirin. Sannan ta gaba, in mita ta kai wajen 40 na ɗan sassauta riƙo, kan keken sai ya kama karkarwa.

Ƙananan gyare-gyare duk ni nake yi da hannuna ranar Asabar a ƙofar gida: juyen mai, wanke fulogi, wanke abin tace iska, ɗaure wayar kuloci, jan birki. Ina da sifanu cikakku, da filaya, da guduma, da jak ɗin tsohuwar motata wanda na ƙi haɗawa da ita wurin ciniki. Amma ban taɓa kwance ƙafar keke ba, shi ya sa nake tsoro.

Abin da ya ƙara rikita ni shawarwarin da na samu ne. Wani ya ce in nemi shoka ta ƙaramar mota a wurin masu kayan hannu, a yanke kanta a yi walda a ɗaura, wai ta fi ƙarfi. Wani ya ce in yanka tsohuwar taya in cusa a tsakanin zoben sifirin. Na uku ya ce a sa wa sifirin ƙarfe a ƙasa a ɗaga bayan gaba ɗaya kamar inci 2, cikin ya daina gogar ƙasa a burji. Wannan ta ƙarshen ta fi kwanta mini, don hanyarmu akwai wani wuri da ruwa ya zaizaye, kullum sai na sauke mutane sannan in haye.

To wanne ne daidai? Kuma aikin nan zan iya shi a gida, ko in daina wahalar da kaina in kai gareji? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike, Agoro

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da ƙoƙari. Na ji daɗi da ka auna kafin ka yi tambaya, da yawa sai su zo su ce "oga keken nan ba ya daɗi" su tsaya suna kallonka.

Ka fara raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi, shi ke sa keke ya tsaya a tsawonsa. Shoka ba ta ɗaukar komai, aikinta ta hana sifirin yin ta tsalle bayan ya sha duka. Don haka lilon da kake ji, da man da ka gani, wannan shoka ce ta mutu, babu tantama. Amma karkatar santimita 3 ba ita ba ce. Ko ka sa sabuwa fil yau, gobe ka koma barandar nan za ka tarar da shi a karkace. Karkata daga sifirin ne da ya gaji ko ya karye, ko bushin ɗin hannun da ke riƙe da taya, wato robar da ke wurin da aka ɗaure hannun, ko kuma, Allah ya kiyaye, hannun ne ya lanƙwashe. Cin taya ta ciki da ƙarar nan ta "ƙwas" sun fi kama da bushin. In robar ta cinye, tayar ba ta tsayawa a miƙe, sai ta riƙa kwantawa tana tafiya a kan gefe guda.

Za ka iya aikin a gida. Ba shi da wuya, haƙuri yake so. Amma kafin ka taɓa sifana, je wurin mai faci wanda gejinsa ke aiki, a sa iska gaba 30, baya 34, tun da safe taya na da sanyi. Ka sake aunawa. Na sha ganin wanda ya zo zai sayi kaya, ashe iska ce kawai ta bambanta.

Ranar Juma'a da yamma ka bi notunan shoka da na hannun taya ka ɗiɗɗiga musu kananzir su kwana, amma kada ya taɓa roba. Da safe ka sa duwatsu gaba da bayan tayar gaba, ka sassauta notunan taya tun keken na ƙasa, sannan ka ɗaga. Ka ji ni da kyau a nan: kada ka shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da shi. Ka samu guntayen katako masu kauri ka tokare casis, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin keken, da su. Ban ce bulo ba. Bulo yana fashewa ba sallama, na san yaron da ya rasa yatsu biyu a kan haka.

In tayar ta bar ƙasa, kafin ka cire ta, kama ta sama da ƙasa ka girgiza, sannan gefe da gefe. In tana motsi a kan kanta, kuma in ka juya ta kana jin gurnani, boris ne, wato abin da tayar ke juyawa a kansa. In duk hannun ne ke motsi daga inda aka ɗaure shi da casis, bushin ne. Sa ƙarfen cire taya a wurin ka ɗan bankare, za ka gani da idonka.

A irin naka sifirin na baya daban yake, shoka daban, wannan ya sauƙaƙa maka. Ka mayar da jak ƙarƙashin hannun taya ka ɗan ɗaga ya ɗauki nauyin, ka cire notin shoka na ƙasa, sannan ka riƙa sauke jak a hankali har sifirin ya saki. A hankali na ce. Sifirin da ke matse ba abin wasa ba ne, kada fuskarka ta yi saitinsa. Kuma kana saukewa idonka na kan tiyon birki, kada hannun ya rataya a jikinsa, da kuma shaf ɗin da ke juya taya, kada ya zare.

Ka ciro na hagu da na dama ka tsayar da su a kan siminti kusa da juna. In ɗaya ya fi gajarta, ka ga ɓarawonka. In tsawonsu ɗaya ne, ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo: musanya su, na hagu ya koma dama. In karkatar ta bi sifirin ta koma dama, shi ne. In ta tsaya a hagu, to hannu ne ko casis, wannan kam sai ka kawo gareji.

Shoka kuma ka riƙe ta a tsaye yadda take a jikin keke, ka danna ka ja. Mai rai tana yi maka gardama tun daga farko har ƙarshe, kuma ja ya fi dannawa wuya. Matacciya za ka ji ta tafi sululu, ko ta yi wani wuri da babu komai sai iska. Haka za ka gwada sabuwar ma a gaban mai shago kafin ka biya, sau biyar ko shida, don jabu sun yi yawa. Ka tafi da tsohuwar a hannu a gwada tsawo da faɗin ido. Kuma biyu-biyu ake sauyawa, shoka biyu, sifirin biyu, bushin duka ɓangarorin. In ka sa sabo a hagu ka bar tsoho a dama, karkatar ce za ta sauya gida.

Wurin buga sabon bushin kada ka shafa masa giris, giris na cin roba. Ruwan sabulu ya isa. Ka matse shi da dogon bol da manyan washa maimakon dukan guduma. Sannan abin da ko yaran gareji ke mantawa: kada ka ɗaure notunan bushin da na shoka tamau keken na sama. Ka kama su sama-sama, ka sauke shi ƙasa, ka ɗan jijjiga shi ya zauna, sannan ka ɗaure. In ka ɗaure a sama, yana sauka robar za ta murɗe, haka za ta yi ta zama a murɗe har ta yage, wata biyu ka dawo kana zagin mai kaya.

Tunda ka riga ka shiga wurin, duba robar da ke rufe bakin shaf. In ta tsage, ƙasar burji ta riga ta shiga ta haɗu da giris ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Wanke, sabuwar roba, sabon giris.

Karkarwar gaba kuwa, tokare gaban tayar ta bar ƙasa, ka kama ƙafar ka ja gaba da baya. In kana jin "ƙat ƙat" a wuya, boris ɗin wuya ne ya saki, a ɗan ɗaure shi. In kana juya kan kana jin yana maƙalewa a tsakiya, ya ci, sai sabo.

Shoka ta mota da walda, ka bar ta. An yi ta ne don abin da ya ninka kekenka nauyi, ba za ta motsa ba, dukan sai ya koma kan kunnen da aka ɗaure ta ya tsage shi. Kuma abu ne mai mai a rufe, wasu har da gas a matse, ba a kai masa wuta. Maganar ɗagawa kuma ban goyi baya ba, amma na gaji da rubutu, yatsun sun saba da sifana ne.

Ɗan Kwangila 001

Baba na Agoro a gafarce ni, amma mu da muke kan titi daga asuba zuwa goman dare mun san abin da muke gani. Ni nawa na ɗaga shi tun bara, kuma na cusa taya a sifirin duka biyu. Mutum huɗu a baya, ɗaya a gefena, ga kayan 'yan kasuwar Sabon Gari, bai taɓa gogar ƙasa ba. Iska kuwa 45 nake sa wa baya, ya fi sauƙin mai, kowa ya sani. Malam kada a tsorata ka da turanci, ɗari biyar za ka ba yaro ya yanka maka taya, an gama.

Abin da zan yarda da shi kawai, shaf kam na sauya sau biyu a shekarar nan, kuma fasinja mata suna ƙorafin wai yana dukan ƙugu. Amma wane keke ne ba ya cin shaf?

Bakanon Kongo

Zage-zagi ke nan, keke ɗaya ya tara malami da bakanike da direba, har yanzu ba a gama shawara ba. Mu a Kano da tuni an gyara Adaidaitan an yi lodi biyu. Wasa nake, iyayen gidana, a garinku na yi karatun injiniya kuma a nan nake cin abinci.

Ɗan Kwangila, ka amsa wa kanka da kanka. Shaf biyu a shekara ɗaya ba halin keke ba ne. Injin da giya a jikin casis suke, taya kuma a kan hannu take. In ka ɗaga bodi, shaf ɗin da ya kamata ya kwanta kusan a miƙe sai ya koma aiki a karkace, kowane juyi yana cin bakinsa. Tayar da ka cusa kuma ta hana zoben sifirin matsewa, wato ka rage masa wurin motsi, shi ya sa ƙugun fasinja ke karɓar abin da sifirin ya kamata ya karɓa. Iska 45 ma haka, tayar nan 'yar ƙarama ce, 4.00-8, ita ma tana cikin abin da ke shanye duka. In ta yi tauri sai ta riƙa tsalle a kan gargada, kuma tayar da ke sama ba ta birki.

Amma babban dalilin da ya sa nake roƙon Malam kada ya ɗaga shi ne kifewa. Mota tana tsaye a kan kusurwa huɗu. Keke a kan uku yake, kamar murhu, kuma ƙafa ɗayar tana gaba. Ka zana layi daga tayar gaba zuwa ta baya ta hagu, wani zuwa ta dama. Muddin nauyi yana faɗawa cikin wannan fili, lafiya lau. In ka sha kwana nauyin yana turawa waje, in ka taka birki yana turawa gaba, inda filin ya tsuke ya zama tsini. Ka haɗa biyun, kwana da birki lokaci guda, shi ne kake ganin keke ya ɗaga ƙafa a shataletale. Iya nisan nauyi daga ƙasa, iya saurin ɗaga ƙafar. Inci 2 a ido ba komai ba ne, amma duk abin da ke cikin keken ka ɗaga, har injin, har Hajiya in ta shiga.

Masu babura masu ƙafa uku na yawon nesa a ƙasashen waje ma da wannan suke fama. Harley-Davidson ta Amurka ta fito da Tri Glide a samfurin 2009, ɗaya gaba biyu baya kamar namu, akwai kuma masu kai Honda Gold Wing a mayar musu da ita mai ƙafa uku. Kamfanin BRP na Kanada da ya fito da Can-Am Spyder a 2007 sai ya juya lissafin, biyu gaba ɗaya baya, don faɗin ya kasance inda nauyi ke tafiya in an taka birki. Duk da haka sai da suka sa masa sandar ƙarfe da ke haɗa ƙafafun gaba tana hana shi kwantawa a kwana, da kwamfuta mai rage wuta ta kama birki in ta ji taya na shirin tashi. Masu shi in za su kashe kuɗi, shoka mai kyau suke saye da sandar da ta fi kauri. Namu ba sanda ba kwamfuta, daga kai sai hannunka. Asalinsa ma daga Piaggio Ape ne na Italiya, wanda aka fara a 1948 don ɗaukar ƙananan kaya a lungunan gari.

Sai maganar da kowa ya kauce mata don kunya. Malam, an yi keken nan don direba da fasinja uku. Buhun masara kilo 100 ne. Biyu 200 ke nan, kusan nauyin manya uku, kafin uwargida da yara su shiga. Wato lodi biyu kake yi a tafiya ɗaya, a kan burji. Ba na mamakin sifirin, ina mamakin yadda ya kai yanzu. A ina ma kake ajiye buhunan? In a bayan kujera ne saman injin, ka tara nauyi a sama kuma a can ƙarshe, gaba ya yi sakayau, wannan kaɗai zai iya sa kai karkarwa. Buhu a ƙasa ya kamata ya kwanta, wurin ajiye ƙafa, a tsakiya.

In kana son gyaran da ya wuce mayar da shi yadda yake, nemi sifirin na irin kekenka mai ɗan kaurin waya amma tsawonsa ɗaya da na asali, da shoka mai kyau, da taya mai ƙarfin ɗaukar kaya. Wannan zai rage zama in an yi lodi ba tare da ya ɗaga shi ba. Ka sani dai in babu kaya zai ɗan fi tauri.

Baban Ummi, Hayin Dogo

Jama'a na dawo da rahoto, kuma na gode ƙwarai. Baba na Agoro, Allah ya ƙara girma, na kwafe bayaninka a takarda na manna a bango ina yi ina dubawa. Bakano, ka ci albarkacin gaskiyar da ka faɗa, da na rama. E, a bayan kujera nake ɗora buhu ɗaya, ɗayan a kan kujera yara su zauna a kai. Da na karanta lissafinka sai da na ji kunya.

Aikin da na ɗauka na yini ɗaya ne ya ci Asabar biyu. Iska da farko: hagu 26 na samu, dama 38. Da aka daidaita, karkatar ta ragu daga santimita 3 zuwa 2. Da na ciro sifirin na jera su, na hagu ya fi gajarta ƙarara, kuma zoben ƙarshe na ƙasa ya karye, guntun yana kwance cikin laka a mazauninsa. Ban ma buƙaci musanyawa ba. Bushin na hagu kuwa ba roba a ciki, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, na dama ya tsattsage. Shoka ta hagu ɗana ɗan shekara tara ya ja ta da hannu ɗaya. Ta dama da sauran rai, amma na bi magana na sauya duka.

Inda na sha wuya bol ɗin hannun hagu ne. Ya yi tsatsa ya manne da ƙarfen cikin bushin, kananzir na kwana biyu bai ko gaishe shi ba. Maƙwabcina ya ce a kira mai walda ya gasa shi, na dubi inda tankin mai yake na ce a'a. Tsinken zarto na saya na yanke shi ta gefe biyu, ina kwance a kan tabarma, awa ɗaya da rabi, yara na tsaye suna ba ni labarin yadda bakanike ke yi cikin minti biyar. Na sayi sabon bol mai taurinsa.

Wurin sayen kaya ma an so a yi mini. Shagon farko a Sabon Gari ya miƙo mini shoka biyu cikin kwali mai sheƙi, na ce bari in gwada. Ɗaya da gardama, ɗayar ta tafi rabi babu komai. Ya ce wai in ta hau keke za ta gyaru. Na ajiye masa na yi gaba. A shago na uku na samu waɗanda suka yi daidai da juna, sun fi tsada, na biya. Sifirin mai kaurin da Bakano ya ce ban samu mai tsawon nawa ba, duk wanda aka nuna mini ya fi tsawo, sai na ɗauki irin na asali.

Kuskure ɗaya na yi. Duk da takardar da ke bango, na ɗaure ɓangaren dama tamau yana sama, sai da na zo kan hagu na tuna. Na sauke, na sassauta, na jijjiga, na sake ɗaurewa. Robar shaf ta hagu ma a tsage take kamar yadda Baba ya yi zato, giris ɗin ciki ya koma ja kamar kunun kanwa. Na wanke na sauya.

Yanzu a barandar makaranta bambancin bai kai rabin santimita ba. Tudun titi sau ɗaya yake sauka ya tsaya. Jiya muka je gida muka dawo da buhu ɗaya a ƙasa wurin ƙafa, ɗayan na ba mai a-kori-kura ya sauke mini a Samaru. A wurin da ruwa ya cinye ban ji gogar ƙasa ba, ko da yake na sauke uwargida don tsoro, ita kuma ta ce ba ta yarda da gyaran malamin lissafi ba tukuna.

Saura gaba. Na ɗaure wuya kaɗan, "ƙat ƙat" ɗin ya tafi, karkarwar ta ragu sosai amma tana nan kaɗan wajen 45. Kan ba ya maƙalewa. Me ya rage?

Tsohon Bakanike, Agoro

Madalla, Malam. Da ka bar wutar nan ka kyauta.

Ɗaga gaban ka juya tayar da hannu, ka kafa alli kusa da bakin rim ba tare da ya taɓa ba. In rim ɗin ya lanƙwashe za ka ga yana matsowa yana ja da baya, allin zai yi zane a wuri guda. Ka kuma shafa tafin hannu a kan tayar, tayar da ta daɗe tana aiki da wuya a sake takan ci tudu da kwari. In ka ji haka, ɗauko sifeya ka sa a gaba ka gwada, ai duk girmansu ɗaya. In bai daina ba, sauran ƙananan bushin ɗin ƙafar gaba, su ma ka bankare su da ƙarfe ka gani.

Kada ka ƙara ɗaure wuyan, ya isa haka, in ya yi tauri keken zai riƙa yawo a titi. Bayan tafiya biyu ka bi duk notunan da ka taɓa da sifana, keken na ƙasa. Tsohuwar shoka ta dama kuma kada ka yar, akwai yaro a nan da tasa ta fi ta mutuwa, in ka biyo ta Tudun Wada ka taho da ita.